Rubutun da Ke Gindin Kwalayen Baba

Toranke, Ajingi,
Ranar Talata, ashirin ga Safar.

Zuwa ga ƙanena Muhyiddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta zumunci, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Adawiyya da yara, Ya kuma tsare ku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai. Malam maigidana yana fama da gwiwarsa kamar kullum, amma bai fasa zuwa gona ba. Afra'u ta sauke Alƙur'ani a watan jiya, Fiddausi kuwa har yanzu tana Tabara, wai surorin ne suka yi mata tsawo. Bappa Inuwa ya ƙara tsufa, sai an ɗaga murya yake ji, amma hankalinsa yana nan daram.

Na san ɗan'uwanmu Sagiru ya kira ka a waya kan shagon Baba na kayan gyaran mota da ke Gaya, na kuma san a fusace ya kira. Ni idan na riƙe waya magana takan tsere mini, shi ya sa na zauna in rubuta maka abin da ya faru daki-daki, domin kana da haƙƙi a ciki, kuma ni ce sanadin raguwarsa.

Ka tuna shagon ya fi shekara ashirin a kulle, tun da motocin Fijo suka ɓace a hanyoyinmu, babura da a-daidaita-sahu suka maye gurbinsu. Baba bai taɓa yarda a taɓa kayan ba har Allah Ya karɓi ransa, kullum cewa yake ranarsu tana zuwa. To bana rufin ya fara yoyo ta kusurwar gabas, ruwa ya jiƙa kwalaye da dama. Sagiru ya ɗauki hotuna ya watsa a waya, sai ga wani Alhaji Abdulmuttalib daga Ƙofar Ruwa ta Kano, wanda sana'arsa ke nan, nemo wa masu sha'awar tsofaffin motoci kayan gyara na asali. Ya zo ya buɗe kwali biyar ko shida na gaba-gaba, ya ga fistan da ringi da bawul a naɗe cikin takardarsu mai maiƙo, ko tsatsa babu. Aka ce har sumbatar wani kafireta ya yi don murna. Nan take ya taya kayan shagon gaba ɗaya, a kan cewa duk sababbi ne, kuma tayin ya fi abin da kowannenmu ya zata.

Bappa ya aiko in zo in shaida, na hau babur na tafi. Muhyiddeen, da na sa ƙafa a shagon nan sai na ga kamar jiya muka bar shi. Ƙanshin giris ɗin nan yana nan yadda muka bar shi. Bencin da direbobin Gafasa suke zama suna gardama yana nan, har da ƙusar da take yaga wa mutane riga. Ina cikin dubawa na ɗaga wani kwali daga can baya don in kauda shi daga yoyo, sai na ji abin ciki yana ƙwal-ƙwal, ba kamar sabo da yake zama cif ba. Na juya gindinsa, sai ga rubutun Baba da tawada, da ajaminsa mai kwanciya gefe guda.

Kai kana ƙarami sosai lokacin, ba lallai ka san wannan ba. Idan bakanike ya sayi sabon kaya, Baba yakan ce a kawo masa tsohon da aka cire. Sai ya wanke shi da kananzir, ya shafa masa giris, ya mayar da shi cikin kwalin sabon, ya rubuta a gindi ko na motar wa ne. Ba don sayarwa yake ajiye su ba. Cewa yake wata rana motar wani talaka za ta tsaya a hanya, rabin fistan ya fi masa babu, sai ya ba shi kyauta. Ni nake dama masa tawadar bayan na taso daga makarantar allo, ni nake hura rubutun ya bushe. Sagiru ya daɗe yana ganin rubutun, amma ya ɗauka addu'ar tsari ce daga ɓarayi, haka ma ya gaya wa Alhajin, shi kuma ya ce Allah Ya jiƙan dattijo, bai ko juya kwalin ba.

Na ja Sagiru gefe na gaya masa a hankali. Da farko dariya ya yi, ya ce Yaya Hanne ta zo da fiƙihunta. Da ya ga ba wasa nake ba, sai ya ce mutumin nan ɗan kasuwa ne, da idonsa ya duba, ba wanda ya rufe masa hannu, kuma mu ba mu yi ƙarya ba tunda ba mu sani ba. Na ce masa jiya ba mu sani ba, yau kuwa na sani. Na ce kwalin nan zai bar hannun Alhaji ya je hannun wani, wanin ya buɗe ya ga tsohon ƙarfe, a tambayi daga ina, a ce daga shagon Malam Bubayero na Gaya. Mutumin da ya shekara talatin ba a taɓa dawo masa da kaya ba, sai yana kabari mu sa a kira shi maha'inci? Sagiru ya ce ni a gidan miji nake, ba ni nake hawa tsani da leda ina toshe rufi ba. Wannan gaskiya ya faɗa, ban kuma musa masa ba.

Muka kai maganar gaban Bappa. Sai da na maimaita sau uku kafin ya ji, da ya ji kuwa ya ce a buɗe. Kwana uku muka yi, ni ina karantawa, Sagiru yana sauke kwalaye yana ƙunƙuni. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu tsofaffi ne. Ban san zan yi kuka a kan ƙarfe ba sai ranar. Ga na a-kori-kurar da take ɗaukar gyaɗa daga Ajingi, ga na motar liman, ga na direban nan da Baba ya rubuta wa “mai gudun banza”. Yawancin masu sunayen sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda na karanta sai Bappa ya ba da labarinsa, har masu shagunan maƙwabta suka taru a bakin ƙofa, wani ya ji sunan kakansa ya tafi ya kira babarsa.

Da Alhaji Abdulmuttalib ya dawo, ni na gaya masa da bakina, daga bayan ƙofa. Ya ce tun da yake ciniki bai taɓa ganin mai kaya ya tare shi don ya rage wa kansa kuɗi ba. Ya yi godiya, ya sa albarka, amma kada ka zaci ya bar tayin yadda yake. Ya rage gwargwadon abin da aka ware, ya ce tsofaffin ba ya bukatarsu, a kai wa 'yan gwangwan su auna a sikeli. Ban ga laifinsa ba. Sagiru dai tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai shekaranjiya da ya tambaye ni, yana kallon wani wajen, ko akwai kwalin da aka ambace shi. Na ce ban gani ba. Ya ce dama ya sani, shi ko a kwali ba a tunawa da shi. Na ce ai wanda bai ɓata mota ba ne ba a rubutawa, sai da ya murmusa.

Kai kuwa an rubuta ka. Akwai wani gaskit a ƙone, an sa a gindinsa: “Na motata. Muhyiddeen ya ja ta ba ruwa. Allah Ya shirye shi.” Bappa ya yi dariya har da tari.

Yanzu ga abin da nake nema. Bappa ya ce ba za a loda ko kwali ɗaya ba sai kowane magaji ya furta yardarsa da sabon farashin, motar Alhajin kuma ranar Alhamis ta sama za ta zo, ga ruwa bai ɗauke ba. Na san kana da niyyar rufin gidanka da kason nan, na kuma rage maka shi ba tare da na shawarce ka ba. Ka yafe mini. Idan ranka bai kwanta ba, ka faɗa ba kunya, a cike maka daga nawa, na riga na sanar da Malam kuma ya amince. Abin da ba zan iya ba shi ne mayar da kwalayen nan cikin sababbi.

Sai abu na biyu, ƙarami ne amma ya tsaya mini a rai. Cikin tsofaffin akwai wani fistan da aka rubuta wa: “Na motar da ta kai Hanne ɗaki. Ta mutu a hanyar Toranke, na gyara da hannuna, ban bari ta ga ina kuka ba.” Shekara ashirin da takwas ina zaton fushi da direba ne ya sa Baba ya ƙi ɗago kai daga cikin injin ranar. Ina so in riƙe wannan, kada ya hau sikeli. Sagiru ya ce in ɗauka mana, mene ne abin tambaya a guntun ƙarfe. Amma gado ne, kana da rabo a cikinsa komai ƙanƙantarsa, don haka na bar shi a hannun Bappa har sai na ji daga bakinka. Gaskit ɗinka ma yana can tare da shi.

Ka gaishe mini da Adawiyya, ka ce ina nan ina tanadar mata kuka da daddawa. Ka shafa mini kan Khairiyya da ƙannenta. Malam yana gaishe ka, Afra'u da Fiddausi suna gaida Kawunsu, Bappa ya ce a gaya maka ya fasa ba ka aron kekensa tunda ya ji tarihinka. Ka kira Sagiru ka lallashe shi, ya sha wahalar shagon nan fiye da mu duka. Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya haskaka kabarinsu, Ya sa abin da za mu ci daga guminsu ya zama halal tsantsa.

Ina sauraron amsarka kafin Alhamis ta sama.

Yayarka,
Hanne Bubayero.