Sunan Madugu

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin Inna Tsohuwa? Nan Guangzhou ta ƙasar Sin lafiya lau, sai matsin biza saboda wasannin Olamfik.

Jiya a kasuwar Shahe na yi wa wani Ba'amurke ciniki, shi kuma ya nuna mini hoton kakan kakansa, ɗan majalisar ƙasarsu tun zamanin da ake cinikin bayi. Ɗan manomi ne, ya zama lauya, aka zaɓe shi sau biyu, sannan ya faɗi zaɓe saboda rigimar harajin tufafi. Har jawaban da ya yi suna nan a ajiye!

Yaya, kishi ya turnuƙe ni. Mutumin da ya sha kaye ake wa wannan gata? Na ce namu kakan ya ja ayari daga Kano har Gwanja. Da ya tambayi sunansa, na ce Madugu. Ya ce sunan yanka fa? Sai na ji bakina ya ce "meiyo", wato babu da Sinanci.

Inna kaɗai ta rage da ta sani, kuma na san kunyar suruki ba za ta bari ta faɗa ba, tunda mahaifin mijinta ne. Don Allah ki zauna da ita, ki riƙa kiran sunayen maza ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta sunkuyar da kai a kansa, shi ne. Kada ki bari sai bayan salla.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninki,
Sabi'u