Ɗan Sandan da Ke Cin Burodi a Tsaye

Ƙanena Eivind,

Gaisuwa mai yawa daga Iskandariyya ta Masar, kai da Torunn da yara. Yaya gwiwar Baba? Ni lafiya lau. Wani lokaci in na dawo daga aikin asibiti nakan zauna shiru ban ko kunna fitila ba, amma gajiya ce kawai.

Bari in ba ka dariya. Maƙwabciyata Ummu Tarik ta kamu da finafinan 'yan sandanmu. Yanzu a wurinta duk ɗan Norway dogo ne, fuska a murtuke, rigar sanyinsa ɗaya tal, kuma ba ya fita sai ya yi tuntuɓe da gawa a ƙanƙara. Na ce mata, "Ni a can na girma, gawar da na taɓa tsinta ta kifi ce." Ta yi dariya har da hawaye.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ɗan sandan yana cin burodi a tsaye, shi kaɗai a kicin. Tun ranar da ta ga haka a fim ta hana ni cin abinci ni ɗaya, kullum sai ta ja ni teburinta. Na ce mata ai ƙaryar fim ce. Ta ce, "To 'yata, tun rasuwar mamanki, da wa babanki yake cin abinci?"

Eivind, shi ya sa na rubuto maka.

Don Allah ranar Lahadi ka kai masa miyar kifi. Kada ka miƙa masa a bakin ƙofa ka juya. Ka jawo kujera ka zauna.

Yayarka,
Ragnhild