Hatimin da Aka Buga a Kife

3 ga Maris

Zuwa ga Maigidana, Genzo Nagamine,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da girmamawa. Dusar ƙanƙara ta fara sakin kawunan duwatsu, itatuwan bayan ofis sun yi toho, amma iskar teku tana nan da cizonta. Ina fata gwiwarka ta lafa, lemon gonarka kuma ya yi albarka.

Ni kam zama ya gagare ni. Ka san shekarun da tasharmu ta nukiliya ta yi a kwance, ga shi ranar ashirin ga wata hukumar sa ido za ta yanke ko a tashe ta. Sufeto Tsuji, matar da suka aiko, tana bin tsofaffin takardun sashen lantarki shafi-shafi. Jiya ta tsaya a kan makatsi na goma sha huɗu, wanda ke katse wa famfon sanyaya na farko wuta idan ta yi yawa. Doka ta ce ya katse cikin rabin daƙiƙa, kafin babban makatsin da ke samansa ya motsa, domin idan babban ya riga shi, famfunan biyu ne za su mutu tare.

Takardar gwajinka ta ƙarshe ta ce ya ci. Hatimina na nan a kai, a karkace, yana rusuna wa na darakta kamar yadda aka saba. Naka kuwa a kife yake. Ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Kuwabara, wannan zamewar hannu ce ko ƙin yarda?"

Ina roƙonka layi biyu kacal, cewa hannunka ne ya zame. Gari duka na jiran ashirin ga wata.

Toho ya fito,
jan tawada na jiya
ya hana ni kallo.

Almajirin aikinka har kullum,
Shinsuke Kuwabara

7 ga Maris

Mawaƙi,

Na gaishe ka. Gwiwa tana nan, lemo ya yi tsami.

Shekara arba'in ina buga hatimi, ko a buge da giyar shinkafa bai taɓa juya mini ba. Kafin ka aiko da wata waƙar, amsa mini abu ɗaya: me kake yi wa na goma sha huɗu ana gobe gwaji?

Ka gaida matarka Sumie.
Genzo

9 ga Maris

Maigida,

Bayan gaisuwa. Ruwan bazara ya sauka tun safe, ni kuma na kewaye teburina ya fi sau ɗari.

Tambayarka ta ba ni mamaki, domin amsarta daga hannunka na koya. Ana gobe gwaji nakan sauka ɗakin makatsai, in goge shi, in ɗiga masa mai, in ɗaga hannunsa in sauke sau uku. A sashenmu muna ce wa wannan tashinsa daga barci. Ina sabon ɗauka na ga kana yi, na riƙe shi a matsayin ladabin aiki: ba a kai baƙo ɗakin da ba a share ba. Shekara goma sha biyu ke nan bai taɓa faɗuwa gwaji ba.

Darakta ya kira ni yau, ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Tsohonka zai rubuto, ko?" Mai sayar da kifi ma ya tare ni yana dariya: "Injiniya, idan ba ku tashe ta ba bana, kai za ka cinye mini kifin nan duka!" Ɗansa na cikin waɗanda aka yi wa alkawarin aiki.

Layi biyu, Maigida. Me na yi da ba kai ka koya mini ba?

Naka cikin biyayya,
Shinsuke

13 ga Maris

Shinsuke,

Gaisuwa. Ka zauna ka karanta, ka daina zagaye tebur.

Ranar da wuta za ta yi yawa da gaske, wa zai sauka ya goge shi ana gobe? Girgizar ƙasa tana aiko da takardar sanarwa ne?

Man da ke cikin wannan makatsi yana daskarewa idan ya shekara ba a taɓa shi ba. Ni na gano. Shekarar ƙarshe na gwada shi ni kaɗai ba tare da na tashe shi ba, ya kai daƙiƙa huɗu. Na motsa shi sau uku, ya ci. Na gaya wa daraktan wancan lokaci, ya ce, "Tun da ya ci, mene ne kuma?" Saura wata uku in yi ritaya. Sai na kife hatimi, na ce wa kaina na yi magana. Kurman banza ma ya fi ni, shi ko nuni yana yi da hannu.

Kai ka ga ina goge shi ka ɗauka ladabi ne. Tsoro ne, yaro. Ka gaje shi kana yi masa waƙa.

Ba zan rubuta layi biyun ba. Wannan wasiƙa kuwa taka ce, ka nuna wa Sufeto ko ka sa a murhu. Na aiko da kwalin lemo, ku yi haƙuri da tsamin.

Genzo

15 ga Maris

Maigida,

Ka gafarce ni, yau ban san halin da sama take ciki ba.

Na karanta sau shida. Sufeto ta sa gwaji jibi, a gabanta. Ɗazu na sami kaina a ƙofar ɗakin makatsai, tsumma a aljihu, kwalbar mai a hannu, ban san lokacin da na ɗauko su ba. Motsi uku, a buɗe tasha, ɗan mai kifi ya sami aiki, ni in gama shekaruna fuska a wanke. Na tsaya a nan har wani ma'aikaci ya tambaye ni ko na ɓatar da mabuɗi.

Sumie ta ce, "Ka ci abinci ko ka ci takardar, ɗaya dai." Na gwada waƙa, layi na uku ya ƙi zuwa.

Naka,
Shinsuke

18 ga Maris

Maigida,

Ina gaisuwa.

Ban taɓa shi ba. Na miƙa wa Sufeto Tsuji mabuɗin ɗakin tare da wasiƙarka tun shekaranjiya. A gwajin jiya, daƙiƙa bakwai makatsin ya yi kafin ya katse. An ɗage ashirin ga wata, za a buɗe makatsai talatin da ɗaya. Mai kifi ya ga na taho ya juya baya.

Darakta ya zagayo da takarda mai cewa sashenmu bai taɓa sanin matsalar ba. Na kife nawa hatimin, sannan na miƙe a gaban kowa na faɗi dalili.

Lemon ya iso. Da tsami kam, amma na ci uku.

Shinsuke