Rabon Baƙon Anti Tahiratu

Litinin, 23 ga Yuni, 2025

Baba ya yarda. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi hanawa ciwo.

Tun farkon shekarar karatu na shiga ƙungiyar muhalli ta makarantarmu saboda wannan tafiyar kaɗai. Za mu kwana a tanti a bakin wani tafki can saman duwatsun Adirondack, inda mota ba ta kaiwa, ranar ƙarshe kuma mu hau ƙololuwar dutsen da ke bayansa. Ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce benenmu na unguwar Morrisania a Bronx ba. Duk Asabar sai na cika jaka da littattafai na yi ta hawa da sauka a matakala, ƙanena Sadick yana zaune yana dariya. Ƙololuwar nan nake so. Ita kawai.

Sharaɗin shi ne Anti Tahiratu, yayar Baba, za ta bi ni. "Inda antinki ta kwana, nan za ki kwana. Ranar da ta taso, kin taso." Na ce Baba, ai akwai malama mace a tafiyar. Ya ce, malamar 'yar gidan wa ce?

Anti ba ta daɗe da zuwa daga Kumasi ba. Turancinta bai wuce na gaisuwa da na shiga bas ba. Mista Ortiz, malaminmu, har murna ya yi, wai dama suna neman iyaye masu rakiya. Bai san ta ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ta kawo tukunya. Tukunya ta gaske, da ludayi, da shinkafa da wake da kwalbar shito, soyayyen yajin nan na Ghana. Na ce Anti, a baya ake ɗaukar komai, hanya ce ta ƙafa. Ta ce, "Ke ki ɗauka a baya. Ni Allah ya ba ni kai."

Mma tana jin mu tana ninke kayan aikinta.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na zaunar da ita na yi mata bayanin beyar da Hausa, a hankali, har da hoto a waya. Na ce dabba ce mai jin ƙanshi daga nesa, don haka duk abin da ke da ƙanshi, abinci ne, sabulu ne, turare ne, kafin duhu sai an zuba shi cikin wani tulun roba mai murfi an kai nesa da tanti. Doka ce. Wanda ya karya ana iya korarsa. Ta kalli hoton ta ce, "To wannan ai ƙaton kare ne." Amma ta ce ta ji. Na sa ta maimaita. Ta maimaita tana hararata.

Asabar, 28 ga Yuni

Mun iso. Ƙafata kamar ba tawa ba.

Ba zan iya kwatanta tafkin ba. Baƙi ƙirin a tsakiya, kore a baki, itatuwa sun kewaye shi, babu ƙarar jirgin ƙasa, babu jiniya, babu sabis a waya. Shirun har kunne yake cikawa. Dutsen yana can a tsallake, kansa ba itace ko ɗaya. Na so in tsaya in kalle shi ni kaɗai.

Ban samu ba. Tun daga inda muka bar motoci Anti ta naɗa gammo ta aza tukunya a ka, buta a hannu, ta shige gaba. Yara suka ciro waya suna ɗauka. Wani yaro mai suna Tyler ya aza jakarsa a ka yana kwaikwayo. Abena ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ita ma iyayenta 'yan Ghana ne. Ta ce min a kunne, "Gara ke, da tawa kakar ce da turmi za ta zo."

Ƙananan ƙudajen wurin sun cinye min wuya ta ƙarƙashin hijabi. Sanyi kuma, a watan Yuni.

Lahadi, 29 ga Yuni

Ta gaishe da kowa a sansanin. Kowa. Ta bi tanti-tanti tana "good morning", ni a bayanta kamar jela, don in fassara. Akwai wani tsoho Bature a tantin da ke kusa da namu, shi kaɗai, gemunsa fari. Anti ta sa na tambaye shi ina iyalinsa. Na so ƙasa ta buɗe. Ya ce shi kaɗai yake zuwa duk shekara, don ya huta da mutane. Na fassara mata daidai. Ta ce, "Wayyo, ba shi da kowa."

Ba haka ya ce ba, Anti.

Da rana mun auna sanyin ruwa mun debo ƙwari a kwalba. Na gane tsutsar mazari kafin kowa, amma ban ɗaga hannu ba, sai da Tyler ya faɗa.

Da yamma ta dafa waakye, shinkafa da wake irin ta Ghana, a ƙaramin risho. Abin haushin shi ne ya yi daɗi. Waɗanda suka yi dariya jiya su ne suka miƙo kwano sau biyu. Mista Ortiz ya yi ta tari saboda shito yana cewa a ƙara. Kafin magariba ta zuba komai a tulun roba da hannunta, har goronta da man shafawarta. Na duba. Na sake dubawa. Na ji sanyi a raina, na ce ashe ta ji.

Jibi ne hawan dutse.

Litinin, 30 ga Yuni

Dole in rubuta wannan.

Da asuba muka ji hayaniya. Tantin tsohon nan a yage, kayansa a watse har bakin ruwa. Ashe jiya ya tafi yawon dutse bai dawo da wuri ba. Anti ta lura. Sai ta zuba masa waakye a kwano, ta kife faranti a kai, ta aza dutse, ta ajiye a ƙofar tantinsa. Beyar ta riga shi zuwa. Allah ya taimaka ba ya ciki. Da ya dawo cikin dare ya tarar da ɓarnar, a mota ya so ya kwana, motar kuwa tana can ƙasa, sai ya kwana a zaune cikin rumfar katako yana karkarwa.

Na ce Anti, ban gaya miki ba? Ban sa kin maimaita ba?

Ta ce, "Na ajiye namu duka, kin gani da idonki. Wancan ba ajiya ba ne, rabon baƙo ne. Mutum ya fita tun safe, a ci a wanke tukunya a bar shi ya dawo ya tarar da iska? A gidan wa aka yi haka?"

A nan ba gida ba ne. Na faɗa mata da ƙarfi, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba.

Tsohon ya zo da kwanon a hannu, a lotse, ya ajiye a gaban Mista Ortiz ba tare da ya kalle mu ba. Ya yi magana mai yawa. Ban ga laifinsa ba, tantinsa ne. Anti ta ɗauki kwanon ta juya shi ta ce, "Ko sannu babu." Ita ke jiran sannu.

Litinin, da la'asar

Jami'ar gandun daji ta zo, mace ce doguwa, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce beyar da ta ɗanɗana abincin mutane tana dawowa, idan ta saba kuma wani lokaci sai an harbe ta. Na ji kamar in yi kuka don haushi. Dabba tana zaman zamanta a dajinta.

Ta ce ƙungiya za ta iya zama, amma wanda ya ajiye abincin sai ya sauka gobe da safe.

Duk suka juyo suka kalle ni. Ni ce bakin Anti, mai fassara. Mista Ortiz ya ce, "Hamdatu, ki yi haƙuri ki gaya mata." A gaban kowa, har da Tyler. Ta yaya ake ce wa yayar uba an kore ki? Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin wannan. Na buɗe baki na ce, Anti, sun ce sanyin nan ya yi miki yawa, gara ki sauka gari ki huta.

Ta ce, "Korata suka yi. Faɗi yadda aka faɗa."

Na faɗa.

Sai ta tambayi abin da matar ta ce game da dabbar, don ta ga fuskata lokacin. Na gaya mata. "Saboda waakye na za a kashe ta?" Na ce wataƙila. Ta tashi ta ɗauki buta ta tafi bakin ruwa. Alwalar ta daɗe.

Kuma ga maganar Baba. Ranar da ta taso, na taso. Shekara guda ina hawa matakala.

Litinin, bayan magariba

Ba ta dafa komai ba. An ci taliyar leda da ruwan zafi. Tyler ya ce, "Yau ba abincin beyar?" Wasu suka yi dariya. Jiya shi ne ya lashe cokali. Abena ta ce masa ya rufe baki. Ni ban ce komai ba, kamar kullum, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

A tanti Anti ta ce, "Hamdatu, gobe ki hau dutsenki. Zan jira ku a garin da ke ƙasa. Babanki ba zai ji daga bakina ba."

Na ce ƙarya za mu yi masa?

"Ni ce babba, ni zan ɗauka."

Mista Ortiz ma ya ce in zauna. Wani ɗalibin jami'a da ke taimaka masa zai raka ta ƙasa ya ajiye ta a wani masauki. Kowa ya warware min. To shi ke nan, zan hau. Ba ni na ajiye kwano ba.

Talata, 1 ga Yuli

A kan benci nake rubutu, a gaban wani shagon sayar da fetur.

Da safe na ɗaure takalmi na goya jaka na shiga layi da 'yan ƙungiya. Hanyar ta rabu a ƙarshen tafki, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Daga nan na hango su. Ɗalibin jami'ar ya sa abin jin waƙa a kunne yana zuba sauri, Anti a baya can da tukunya a ka. Saukowa ba kamar hawa ba ne, an yi ruwa, duwatsun da santsi, gwiwarta kuma dama ba lafiya. Na ga ta tsaya a kan wani dutse tana neman inda za ta sa ƙafa. Ta kira shi, "My son." Bai ji ba. Bai ko waiwaya ba.

Wa ke barin babbar mace a baya haka? Ba a koya musu komai ba ne?

Na ce wa Mista Ortiz zan sauka. Ya ce, "Kin tabbata? Kin fi kowa shiri." Ashe ya sani. Bai taɓa faɗa ba sai yau. Abena ta riƙe min hannu ta ce za ta ɗauko min hoto. Na ce ba na so.

Da na cim ma Anti ta ce, "Me ya dawo da ke? Koma." Na ce ba ni tukunyar. Ta ce ba zan iya ba. Na ɗaure ta a bayan jakata, ludayin yana ta bugun murfi har ƙasa, duk wanda muka haɗu da shi sai ya kalle mu. Ban yi mata magana ba duk hanya. Hannunta dai yana kafaɗata a wuraren santsi, da nauyi kuwa.

Ban sauko don ita ba. Baba ne ya kafa sharaɗi, ni kuma ba na ƙarya. Wannan ne dalili.

Laraba, 2 ga Yuli

Muna cikin mota, hanyar gida. Duk suna maganar ƙololuwa. Wai gari ya washe tas, an ga tafkuna har ido ya gaji. Na so a ce girgije ne ya rufe. Abena ta miƙo min wayarta na ce bari sai anjima.

Da safe kafin su sauko, jami'ar gandun dajin ta tsaya shan fetur. Anti ta gane ta, ta zungure ni, wai in tambaye ta labarin dabbar. Na ce Anti, ki bari. Ta ce in tambaya. Na tashi na je, ni da kaina, na tambaya. Matar ta ce ba ta dawo ba tukuna, suna sa ido. Anti ta ce a gaya mata tana yi wa dabbar addu'a. Na fassara shi yadda ta faɗa, ban rage ba. Matar ta cire hula ta ce ta gode.

Tyler yana kujerar baya. Ya fara wata magana a kan tukunya, na juya na kalle shi har sai da ya mai da ido taga. Ban san ina da irin wannan kallon ba.

Har yanzu ina fushi. Shekara guda. Ban san ko Baba zai bar ni baɗi ba, in ma ya bari, wa zai ce ta bi ni.

Anti ta yi barci tun kafin mu hau babban titi, kanta a kafaɗata ta hagu, tana ɗan minshari. Kafaɗar ta mutu, rubutuna duk ya karkace. Mun kusa Bronx.

Ban yafe mata ba. Ban dai motsa ba.