Layin da Na Ajiye a Gafaka

Zuwa ga ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ka yi haƙuri da na dame ka. Ka kuma yi haƙuri da na kawo maganar gida wannan zaure na intanet na 'yan Rogo mazauna nesa, inda kowa zai karanta. Ka san ba halina ba ne. Duk hanyar da na sani na bi, wannan ce ta rage, ko Allah zai sa wani da ya san ka a Oman ya gani ya nuna maka.

Ni ce yayarka Hajara ta Ƙaraye. Kuskuren rubutu ka yafe, ka san a ajami na fi sakewa.

Ka tuna ranar da za ka tafi, muna zaune a ƙofar ɗakin Inna a Gwangwan, ka ari ɗan kunnena ka zaro layinka daga waya. Ka ce da shi aka haɗa asusunka na bankin gida, da shi kuma ka buɗe manhajar da muke gaisawa. Ka naɗe shi a takarda ka damƙa min, ka ce, "Yaya, duk gidan nan ke ce abu ba ya ɓata a hannunki." Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda na nuna. Da na koma ɗakina na sa shi a gafaka, tare da Alƙur'anina, don ban san wurin da ya fi nan tsaro ba.

Satinka biyu da sauka ka kira ni kana tsokana, wai Malama a ba ka fatawa. Ka ce a can ba a biyan albashi a hannu, dole baƙo ya buɗe asusu. Ga banki a bakin masaukinku amma da kuɗin ruwa, ga wani wanda ba ruwa a harkarsa amma sai ka hau mota biyu. Na ce ka hau mota biyun. Ka yi dariya ka ce da ma ka sani, so kake ka ji daga bakina. Wannan ban yi nadamarsa ba.

Sai ka tambaye ni maganar layin can. Ko dai ka jira katin zamanka ya fito ka sayi naka da sunanka, ko ka karɓi wanda kamfaninku ke bai wa ma'aikata, mai sauƙi, amma da sunansu. Na ce ka karɓi nasu, baƙo ya lallaɓa. Na ba ka shawara a kan abin da ban sani ba, Sadisu. Ya kamata in ce ban sani ba.

Sau biyu ka turo cewa in sa layinka a wayata, banki zai turo lambobi in karanta maka. Na sa, na karanta, na cire a take. Saƙonninka sun yi ta shigowa, na kawar da kai don kada idona ya faɗa kan abin da ba nawa ba. Maigidana Malam ya ce in bar shi a ciki mana, tunda wayata mai layi biyu ce. Na ƙi. Na ce masa kiran mutane zai riƙa shigowa, in ji sirrin da ba a ba ni ba, ko in taɓa katin da ke ciki bisa kuskure. Amana ce, a ganina ba a taɓa ta.

Wallahi ban san layi yana mutuwa don an bar shi ba. Ni na ɗauka amfani ne ke cinye abu.

Daga baya ka canza wurin aiki, layin kamfani ya koma hannun masu shi. Ka ce kada mu damu, muna tare a manhaja har ka sayi sabo. Ba a jima ba na buɗe wayata na ga hotonka ya ɓace, an sa na wata mata. Na yi sallama, ta amsa da Turanci. Malam ya yi magana da ita. Baiwar Allah ba ta da laifi, a shago ta sayi layi da kuɗinta, ashe lambarka ta gida aka ba ta.

Kira ɗaya ka yi bayan nan, da wayar aro. Ka ce asusunka na gida ya rufe maka, lambobin suna tafiya wani wuri, me na yi da layinka. Na ce yana nan a gafaka, ko takardar ban canza ba. Sannan ka ce, "Shi ke nan, Yaya." Ban taɓa jin ka faɗe ta da wannan murya ba. Na bi lambar sau da yawa, wani mutum ne ke ɗauka da yaren da ba na ji.

Na shiga Kano da ɗan layin a ƙulle a bakin mayafina. A ofishin masu layi suka ce ya riga ya zama na wani. A banki suka ce sai mai asusu da kansa. Yarinyar da ke wurin ta kalli takardar da na kwance a gabanta, ta ce, "Hajiya, wannan ai roba ce kawai yanzu." Ba da wulaƙanci ta faɗa ba. A mota na yi kukana.

Wannan kiran naka farkon damina ne. Yanzu ana cirar gyaɗa. Ban sani ba ko fushi ne, ko lambobinmu ne suka tafi tare da layin, ko wani abu ne ya same ka da ba na so in kawo a raina. In fushi ne, kana da gaskiya, kuma ni ce mai laifi, ba Inna ba.

Sadisu, jikin Inna ya yi nauyi. Idon ya tafi gaba ɗaya, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Na tattaro na dawo Gwangwan ina jinyarta. Kullum bayan ta sha koko sai ta tambaya ko ka kira. Na faɗa mata gaskiya tun farko, amma ba ta riƙe magana yanzu, gobe sai ta sake tambaya.

Akwai wani tsohon saƙon muryarka a wayata, wanda kake gaishe ta kana tambayar ya ruwa, an yi shuka kuwa. Ran nan da ta matsa na kunna mata. Ta amsa maka gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ta sa maka albarka. Tun daga ranar nake kunna mata, ban ce mata sabo ne ba, ban kuma ce tsoho ne ba. Na kasa tambayar Malam hukuncin wannan, don ina tsoron amsar.

Jiya da na kunna ba ta amsa ba. Ta saurara har ya ƙare, sannan ta ce, "Hajara, yaron nan bai san an yi kaka ba ne? Kullum shuka yake tambaya." Yau da safe ba ta tambaye ni ko ka kira ba.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba ka halal, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sanyaya zuciyarka a kaina. Allah ya sa Inna ta ji ka da kunnenta.

Lambata ba ta canza ba. In ta ɓace maka, ka rubuta ko kalma ɗaya a ƙarƙashin wannan, ina dubawa bayan kowace salla. Ba sai ka yi magana da ni ba, zan kara mata wayar in fita tsakar gida. Don Allah ka amsa da wuri.

Wassalam,
yayarka Hajara.