Auta Ta Ƙi Ramewa

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa zamanku a can ya zama alheri. Mu nan kowa ƙalau. Inna ma jiki da sauƙi, sai dai idon nan da ke ƙara dushewa, har rannan ta gaida labule tana zaton ni ne.

Kin tambayi dalilin da ya sa aka sake ɗaga tafiya. To, magen Inna ce, wadda ta ƙwace miki sunan Auta. Kin san Inna ta rantse ba za ta hau jirgi ta zo wurinki aikin ido ba sai da ita, kuma ba a cikin kaya a ƙasan jirgi ba, a gabanta. Na kai magen wurin likitan dabbobi an yi mata allurai, na sayo jaka mai raga da ake turawa ƙarƙashin kujera. A ofishin kamfanin jirgi, matar da ke wurin ta ɗora jaka da mage a sikeli, ta ce sun wuce nauyin da aka yarda a shiga da shi. Ni da na tsufa ina auna kaya a kasuwa, sai na tallafi gindin jakar da ɗan yatsa ina jan matar da hira. Ta yi murmushi ta ce in matsa baya, ita ma ubanta ɗan kasuwa ne.

Tun ranar na zama ɗan kurkuku. Likita ya ce a rage wa Auta abinci a hankali, don haka na bar wa matata shago na tare a gidan Inna. Makullin kicin yana aljihuna. Ba a buɗe taga, kar magen ta fita roƙo a maƙwabta. Ina auna mata abinci kamar mai sayar da zinariya, ina jan zare a tsakar falo wai ta motsa jiki, ita kuwa tana miƙe a kujerar marigayi Baba tana kallona kamar ni aka ce in rame. Ni ɗin ne kuwa na rame, wando har zamewa yake. Matata ta ce masu saye sun fara tambaya ko karyewa na yi. Duk da haka, kullum na ɗora Auta a sikeli sai in ga ta ƙaru.

Shekaranjiya da rana na ce zan leƙa shago. Na kai bakin titi na tuna na bar waya, na dawo. Ƙofar ɗakin Inna a sakaye take. Na hango ta zaune a bakin gado, ta buɗe akwatin tufafin Baba, ashe gwangwanayen kifi ne jere a ƙasa. Tana shafa bayan mage tana cewa, "Ci, Auta, ci da kyau. Muddin kina da nauyi, ba mai fitar da mu daga gidan nan."

Ban shiga ba. Har yau ba ta san na ji ba. Da safe ina auna abinci, tana sa mini albarka. Na rasa yadda zan yi. In na yi magana na kunyata ta, in na yi shiru ido yana tafiya. Ƙanwata, Inna ba ta gani sosai, amma ina jin ta gane tikitin da kika aiko na zuwa ne kawai, babu na dawowa. Na san niyyarki alheri ce, kina so ki riƙe ta kusa da ke. Amma ki kira ta. Kada ki ambaci mage. Ki gaya mata watan da za ta dawo ɗakinta, kuma ki sayi tikitin dawowar da gaske, don Inna ba a yi mata wasan sikeli. In kin yi haka, za ki sha mamakin yadda Auta za ta rame.

Ki gaida maigidanki da kyau, da Takwarar Inna, da Ɗan Baba, ki ce masa kawunsa bai manta da ƙwallonsa ba. Matata da yara suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanki,
mai gadin mage