Hoton Man Shafawa a Gindin Tsamiya

Gaya, 9 ga Maris, 1974

Zuwa ga Yayana Inuwa, a Ikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa unguwa. Ƙanwarmu Baiwa ce ba ta da lafiya, kuma dominta na ɗauki alƙalami.

Ka san man shafawar da nake haɗawa da man kaɗe. Wani ɗan kasuwa a Kano, Alhaji Tukur, ya ce zai riƙa zuba shi a gwangwani, amma sai an ɗauki hoton da za a liƙa a murfi. Ya turo mai hotonsa, Ɗantani, mutum mai iyayi, muka yi kwana biyu ana tsara abu ɗaya. Hannun Baiwa ya zaɓa, ya ce a yi mata lalle, ta riƙe gwangwanin a buɗe kamar tana shafawa. Zaure ya ce duhu, tsakar gida ya ce rana za ta narkar da man. Ƙarshe ya ce babu inda haske ya yi masa sai gindin tsamiyar nan ta hanyar Toranke, kuma da rana tsaka.

Yaya, ka san tun muna yara ba a zama a wurin nan da rana tsaka, balle da ƙamshi a jiki. Na sani sarai, amma na yi shiru don kada baƙon birni ya ce mu gidadawa ne. Wannan shirun yana cina har yanzu.

Tun ranar, da rana ta take sai Baiwa ta ajiye duk abin da take yi, ta lakato mai, ta miƙa hannu tana shafa wa iska a hankali, tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. In an yi magana sai ta ce wata tsohuwa ce ta ce ba a gama mata ba. An kai ta ɗakin shan magani a Ajingi, an ce ba a ga komai ba. Malam Goni yana ba ta rubutu.

Da Ɗantani ya kawo hoton, sai ga wani hannu kusa da nata, busasshe, duk kaushi, ya fito ta gefen itacen. Mu uku ne a wurin, wallahi babu ta huɗu. Shi ko murna yake yi, wai ya zaci wata tsohuwa na sa ta ɓuya a bayan itacen, kuma hakan ya fi kyau don masu saye su ga bambanci. Ya ce har an aika da na asalin Ikko, wurin masu buga takardun gwangwani.

Malam ya ce kada a bari a buga shi, a dawo da na asalin a haɗa da namu a binne a inda aka ɗauka. Alhaji Tukur ya yarda da ƙyar, ga takardarsa da kwatancen wurin na haɗo maka. Don Allah ka je ka karɓo hoton ranar da wasiƙar nan ta same ka, ko aiki ne ka bar shi. Hoton da ke wurina kullum sai na duba. Hannun tsohuwar ya fara sheƙi, kaushin ya ragu. Na Baiwa kuwa, a jikinta, ya tsage har gwiwar hannu, duk man da na shafa mata ba ya zama. Jiya ta nuna mini kafaɗarta.

Ka gaida Amarya da yara. Inna da Kawu Barau suna gaishe ka. Baiwa ban gaya mata na rubuto ba.

Ƙanwarka mai jiranka,
Hure